Irin ta Kawu

Yayana bakanike ne, kuma duk layin garejinmu babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Sai-da-Safe ake ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Yaya, ni ma in ya ɓata mini rai Sai-da-Safe nake kiransa, kuma yana ɓata mini rai fiye da yadda ya sani. Ina da ɗan shago a bakin garejinsa, ina sayar da baƙin mai da man birki da fulogi da ruwan batir, don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji shi ba. Daga kan bencina ina hango ramin da yake shiga ƙarƙashin mota, ina hango teburin sifanunsa, ina kuma ganin duk wanda ya shigo da irin fuskar da ya shigo da ita.

Sunan daga aikinsa ya fito. In mutum ya ga motar hannu yana so ya saya, ya kawo a duba masa, abu na farko da Yaya yake yi shi ne ya ɗaga bonet ya ɗora tafin hannunsa a kan injin. In ya ji ɗumi, ko yaya yake, sai ya rufe bonet, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Sai da safe." Motar ta kwana a garejin, makulli a aljihunsa, da sassafe shi zai fara tayar da ita. In mai sayarwa bai yarda ba, ya tafi da abarsa. Yaya ba zai ce mai kyau ce ba, ba zai ce marar kyau ce ba, ko da za a kwana ana roƙonsa.

Na taɓa tambayarsa dalili, tun farkon buɗe shagona, don ina ganin yadda yake korar ciniki da bakinsa. Ya ce mini, "Auta, in kina son ki san lafiyar mutum, ki gan shi lokacin da ya tashi daga barci, ba bayan ya yi wanka ya shafa mai ba." Ya ce injin in ya yi zafi ƙarafa sun kumbura sun toshe ƙananan kafofi, mai ya tsinke yana gudu ko'ina, sai motar da ke ɗingishi da safe ta miƙe tana tafiya kamar ba ita ba. Giya ma haka. Dillalai sun san wannan sarai, shi ya sa suke zagaya gari da mota kafin su kai wa mai saye. Su dai sun tsane shi, masu saye kuwa daga unguwanni masu nisa suke zuwa nemansa. Yaya bai tara komai ba a duniya, gidan haya yake, babur ɗaya gare shi duk ya tsufa. Wannan suna shi ne jarinsa gaba ɗaya.

Filin da garejin yake kuwa na Kawu ne, ƙanen Ummanmu. Da mahaifinmu ya rasu, Kawu ne ya kama hannun Yaya ya kai shi koyon aiki, da ya ƙware ya ce ya kafa rumfa a filinsa. Alheri ne, ban musa ba. Amma ban taɓa ganin alherin da aka yi wa gori kamar wannan ba. Duk taron dangi sai Kawu ya nuna Yaya da baki ya ce, "Wannan ai ni na yi shi." Yaya ya sunkuyar da kai, gemu duk furfura, yana murmushi. Abin da ya fi ƙona mini rai, Kawu bai taɓa kawo motarsa gyara wurin Yaya ba. Can yake kai ta wani babban wuri mai tayil da kujerun jira. Mu garejinmu na talakawa ne, sai in ana son aikin kyauta ake tunawa da shi.

Akwai wani bawan Allah da muke kira Mai Burodi. Aikinsa ya ɗauko burodi daga gidan gashi tun da asuba ya rarraba wa shaguna da masu shayi kafin gari ya waye. Da babur yake yi, ya ɗaure kwalaye a baya har sun fi kansa tsawo, in iska ta taso sai ka riƙe numfashi kana kallonsa. Kullum in ya gama rabo sai ya biyo ta wurinmu, ya ajiye wa Yaya burodi ɗaya a kan tebur, ni ya tsokane ni ya ce baƙin maina ruwa ne, in ce masa burodinsa iska ce. Shekaru yana tarin abin sayen mota. Ya sha faɗa a gabana, "Duk motar da Sai-da-Safe ya ce in saya, ido rufe zan saya." Ya kawo motoci biyu a baya, duka Yaya ya kwana da su, da safe ya ce masa ya haƙura. Bai taɓa yin musu ba.

Ran nan da yamma liƙis, ina auna wa wani direba mai, sai ga motar Kawu ta shigo garejin, an wanke ta tana ƙyalli, har tayoyin an shafa musu baƙi. Kawu ke tuƙi, Mai Burodi na gefensa, bakinsa har kunne. Ashe Kawu ya ji yana neman mota, ya ce ga tasa zai sayar, doguwa ce mai faɗin baya, daidai ɗaukar kwalaye. Mai Burodi ya ce to, amma sai Sai-da-Safe ya gani. Kawu ya ce wannan ai ɗansa ne, su je yanzu.

Yaya ya durƙusa ya gaishe da Kawu, ya ɗaga bonet, ya ɗora hannu. Da idona na ga ya janye hannun da sauri, don injin ba ɗumi ya yi ba, zafi ne rau. Ya ɗauki tsumma yana gogewa. Na san abin da ke biye da tsumman nan, kowa a layin ya sani. Amma kafin ya buɗe baki Kawu ya riga shi, da muryar nan tasa da ake ji daga bakin titi.

"Kai, kada ka ce mini sai da safe. Ni dillali ne? Ni da na ɗauke ka tun ba ka san sifana ba, ni za ka kwana da motata kamar ɓarawo? Gobe da sassafe zan yi tafiya, duba masa yanzu mu wuce."

Yaya ya tsaya da tsumma a hannu. Ya kalli Kawu, ya kalli ƙasa. Sannan ya shiga ya tayar da motar, ya saurara, ya taka totur, ya fita da ita ya zagayo layi ya dawo. Ina jira in ga ya jefa makullin a aljihu. Sai na ga ya miƙa wa Mai Burodi, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa wadda ban ji ba. Mai Burodi ya kama hannunsa da hannu biyu yana girgizawa.

Suna fita na bar direban da galan a hannu na nufe shi. Na ce, "Yaya, me ka ce masa?"

Ya ce, "Cewa na yi ban ji wani laifi ba."

"Da zafinta fa ta zo!"

"Na sani, Auta. Ban yi ƙarya ba, ban ji komai ba. Kuma motar Kawu ce, ana kula da ita."

Na ce, "Kai ka gaya mini injin mai zafi ba ya faɗin gaskiya. Yau kuma don na Kawu ne ya tuba?" Ya shige rami ƙarƙashin wata mota wadda na san ya gama da ita tun azahar.

Ba a yi mako ba sai ga Mai Burodi da hantsi, lokacin da ya saba gama rabo, kwalayensa cike a bayan motar ko ɗaya bai sauke ba. Ya ce tun ranar farko in ya tayar da ita da asuba sai ta kama kakkarwa, sitiyari na rawa, salansa na fitar da farin hayaki. In ya sa giya sai ta tsaya tana tunani, can kuma ta fizga kamar an buge ta daga baya. In rana ta ɗaga ta warware. Yau kuwa ta ƙi motsi sam, sai da gari ya waye ta yarda, ya tarar masu shayi sun sayi na wani. Duk wannan bayanin yana yi ne yana murmushi. Ya ce, "Ina jin fulogi ne kawai, ko? Tunda kai ka duba, na san ba babban abu ba ne." Wallahi da zagi ya yi da ya fi mini sauƙi.

Yaya ya ce ya bar ta ta kwana. Ya karɓi makulli ya sa a aljihu, abin da ya kamata ya yi tun ranar farko.

Washegari na riga kowa zuwa layin, don na rantse sai na gani da idona. Mai Burodi ma ya zo, ya tsuguna a gefe. Yaya ya ɗora hannu a injin, sanyi ƙalau. Ya shiga ya murɗa makulli rabi, bai tayar ba, ya tsaya yana kallon fitilun gaban direba. Duk suka kama, na mai, na batir, na birki. Wuri ɗaya ya zauna baƙi ƙirin, wurin fitilar cek, wadda ke kamawa in injin na da damuwa. Ya daɗe yana kallon wurin. Daga baya da ya kwance gilashin, baƙin salatif ya tarar an manna a kanta.

Ya tayar. Motar ta kama jijjiga har kwalbar ruwan da ke kan kujera ta faɗo. Wannan shi suke kira misin, wato fistin ɗaya ba ya ƙona mai tare da 'yan'uwansa, injin ya riƙa tafiya da ƙafa uku. Yaya ya zagaya baya ya tara hannu a bakin salansa, ya shinshina. Hayaƙin fari ne, mai danshi, yana wani ƙamshi-ƙamshi mai zaƙi. Ya dawo gaba ya fara zare wayar koyil, mai kai wa fulogi wuta, ɗaya bayan ɗaya. In ya zare ta farko injin ya ƙara shaƙewa, ya mayar. Ta biyu ma haka. Da ya zare ta uku babu abin da ya canja, alamar dama can wannan ba ya aiki. Ya kashe motar, ya musanya koyil ɗin da na maƙwabcinsa, ya sake tayarwa. Ciwon bai bi koyil ba, yana nan a na uku. Ina ganin fuskarsa tana ƙara ɗaurewa, don da koyil ne ko fulogi, da a shagona za a gama maganar.

Ya kwance fulogan ya jera su a kan tsumma. Uku sun yi launin toka-toka kamar yadda ya kamata, na ukun nan kuwa fes, kamar an wanke shi da sabulu. Da injin ya huce ya buɗe lagireto, ruwa ya yi ƙasa. Ya ce da Mai Burodi, "Gaskit ya ƙone, wanda ke tare ruwa kada ya shiga fistin. In ta kwana, ruwa na tsiyaya cikin fistin na uku. Da safe sai ta ƙone ruwan nan kafin ta daidaita, shi ne hayaƙin, shi ne rawar."

Mai Burodi ya ce, "To giyar fa?"

Yaya ya sake tayarwa, ya taka birki ya sa giyar tafiya. Shiru. Har na fara tunanin bai sa ba, sannan ta shiga da wani gau wanda ya girgiza motar duka. Ribas ma haka. Ya zaro ƙarfen da ake auna man giya ya goga a farar takarda. Man da ya kamata ya zama ja garau ya koma baƙi-baƙi, yana warin ƙuna, da wasu 'yan ƙyalƙyali na garin ƙarfe a ciki. Ya murza da yatsu, ya ji kauri da yauƙi. Ya ce an zuba mata maganin da ke kaurara mai don ta riƙe na ɗan lokaci. Giyabos ɗin, wato akwatin giyar, ya ci kansa daga ciki.

Mai Burodi ya miƙe tsaye a hankali. Ya ce, "Amma ai ka duba ta."

"Da zafinta na duba."

"Ka san da zafi?"

"Na sani. Hannuna na ɗora."

Mai faci da ke maƙwabtaka da mu ya daina buga tayarsa. Mai Burodi ya ce, "Ka san da asuba nake aiki. Duk garin nan babu wanda ya kamata a duba wa mota da safe kamar ni. Da dillali ne ya yi mini haka sai in ce halinsa ne. Ni fa ba motar kawunka na saya ba, maganarka na saya." Bai ɗaga murya ba. Ya kwashe kwalayensa da suka kwana a bayan motar ya tare mai adaidaita ya tafi.

Yaya ya je gidan Kawu a ranar, na bi shi ba tare da ya gayyace ni ba. Kawu na zaune a falo, fanka na kaɗa shi. Ya saurari bayanin gaskit da giya kamar ana ba shi labarin wata ƙasa. Da Yaya ya ce ya kamata a karɓi motar a mayar wa mutumin haƙƙinsa, sai Kawu ya yi dariya. Ya ce, "An saya an sayar. Lafiya lau ta bar hannuna, kuma shaidata ƙwararre ne, ga shi nan a gabana. Kai ka ce ba ka ji laifi ba, ko ni na faɗa? In akwai kuskure ai na mai dubawa ne." Kun ji fa! An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta. Na buɗe baki, Yaya ya riƙe mini hannu gam har muka fito.

A gida Umma ta ce mu rufa wa ɗan'uwanta asiri, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Na ce, "Umma, to ɗanki fa, shi ba hannunki ba ne?" Ta ce bakina zai ja mini wata rana. Abin da ya fi ba ni haushi, Yaya da kansa ya koma yana kare Kawu. Wai ƙila bai sani ba. Wai ƙila can wurin gyaransa suka manna salatif ɗin, suka zuba maganin, ba su gaya masa ba. Na ce, "Sai-da-Safe, mutumin da yake tayar da motar nan kullum da safe a ƙofar gidansa? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya ce in bar zato, zato zunubi. Na gane ba Kawu yake karewa ba. Ba ya so ya yarda cewa mutumin da ya yi shekaru yana durƙusa wa ya dube shi ya ga tambarin da za a buga a kan ruɓaɓɓen kaya.

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Yaya ya ɗauki gyaran a kansa. Ya sauke kan injin ya kai aka goge, ya sa sabon gaskit. Ya bi kasuwar tsofaffin kaya rumfa-rumfa har ya samu giyabos mai lafiya, ya sayar da babur ɗinsa ya saya. Ya koma zuwa aiki a ƙafa, mutum mai ciwon gwiwa. Da ya gama bai kira Mai Burodi ba sai da motar ta kwana ya tayar da safe, ta sake kwana ya sake tayarwa, ya hau gangaren bayan kasuwa da ita ya ji giya na shiga sumul. Mai Burodi ya zo ya karɓi makulli, ya ce an gode, ya tafi. Kafin nan rabin shagunan da yake kai wa burodi sun koma hannun wani. Tun daga ranar burodi bai sake sauka a teburin Yaya ba, ni ma babu mai ce wa maina ruwa.

Mota ta gyaru, suna bai gyaru ba. Layin gareji ba ya riƙe magana. Wata rana da yamma wani dillali, wanda Yaya ya sha mayar wa da motoci, ya shigo da mota tana tururi, mai saye na biye da shi. Yaya ya ɗora hannu ya ce, "Sai da safe." Dillalin ya washe baki ya ce, "Haba Sai-da-Safe, yi mini irin ta Kawu mana. Ko sai na kawo takardar dangantaka?" Layin duka ya fashe da dariya. Daga nan maganar ta zauna. Duk wanda zai duba mota sama-sama sai a ce ya yi irin ta Kawu. Masu saye suka ragu, don mutum zai ce wa ya sani ko mai motar ɗan'uwansa ne. Na yi faɗa da mutane a kan wannan har muryata ta dushe. Yaya kuwa yana nan yana cewa ƙila Kawu bai sani ba.

Bayan 'yan watanni sai ga Kawu a garejin, an sauke shi a motar haya, yana fara'a kamar babu abin da ya taɓa faruwa. Yaya ya fito daga rami ya durƙusa. Kawu ya ce ya ga wata mota zai saya a madadin waccan, yana so Yaya ya duba masa.

Ya ce, "Amma da asuba za ka zo, ka ji ko? Na sa sun ajiye ta a gidana, makulli na hannuna, babu mai taɓa ta. Ka san halin masu sayar da mota, sai su ɗumama ta kafin ka iso, ba za ka ji misin ba, ba za ka ji giya ba. Ka duba fitilar cek ɗin ma da kyau, akwai masu liƙe ta."

Ina tsaye da mazurari a hannu, mai na ɗiga a ƙafata ban sani ba. Yaya yana durƙushe. Na ga ya ɗago kai ya kalli Kawu ido cikin ido, abin da ban taɓa ganin ya yi ba tunda nake. Sannan ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara.

Ya ce, "Kawu, ashe ka san abin da safiya take nunawa."

"Wace irin magana ce wannan?"

"Ranar da ka kawo taka, ina da ina ka zagaya da ita kafin ka shigo nan? Hannuna sai da ya kusa saluɓewa."

Kawu ya waiga ya ga mai faci da mai gyaran wayar mota da sauran 'yan layi sun matso. Ya rage murya ya ce Yaya ya shiga hankalinsa. Yaya ya ce, "Ba zan zo ba, Kawu. Ka kai ta can inda kake kai gyara."

"A filina kake tsaye kana gaya mini haka?"

"Na san filinka ne."

Nan fa na ajiye mazurari. Duk abin da na haɗiye tun ranar falo na amayar da shi. Na ce masa filin nan an biya shi da durƙuso shekara da shekaru, an ƙara masa da sunan mutum a kai, me kuma ya rage? Na ce wanda ya san a ajiye makulli a aljihu in shi zai saya, ya san abin da ya yi da ya zo da yamma in shi zai sayar. Kawu ya nuna ni da yatsa, ya ce ba ni da tarbiyya. Na ce a gidansu uwata ta samo wadda ta ba ni. Wannan kam Yaya bai riƙe mini hannu ba.

Kafin ƙarshen wata aka aiko mu tashi. Umma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata, dangi suka ce Yaya butulu ne, ni kuma ni na zuga shi. Muka kwashe kaya. Yanzu muna bakin babban titi, jikin katangar wani gidan mai, ƙasan wani ɗan hawa. Babu rami, sai jak da kwali yake shimfiɗawa ya kwanta a ƙasa. Shagona ya koma tebur da lema. Kawu ya sayi motarsa, wani ya duba masa, na ji an ce da asuba aka duba. Yana nan lafiya lau, har yanzu shi ake ba kujerar gaba a taron dangi, kuma duk lokacin da na tuna haka sai abinci ya fita raina.

Masu kawo mota a kwana da ita sun fara dawowa, jefi-jefi. Ranar da aka samu, nakan fito da wuri in taya Yaya riƙe fitila. Titin nan kuwa shi ne hanyar Mai Burodi. Kullum gari bai gama wayewa ba sai ga motar nan mai faɗin baya ta taho, kwalaye har rufi. Yana ganinmu sarai, don lemata ja ce, ba ta ɓuya. Ba ya hon, ba ya ɗaga hannu. Ni nakan ji kamar in jefi gilashinsa da galan, don mutum ya sayar da babur ɗinsa saboda kai, ko hon ai ka yi masa. Amma kuma in na tuna murmushinsa ranar da ya ce ƙila fulogi ne, sai in rasa wanda zan jefa.

Jiya ma ya wuce. Yaya na gaban wata motar da ta kwana, ya ɗaga bonet ke nan. Yana jin ƙarar ya tsaya cak, ya karkata kai. Motar ta kama hawan, ta canja giya, ta sake canjawa.

Ya ce, "Kin ji, Auta? Ta shiga ta uku babu fizga. Fistin ɗin ma duka huɗun suna aiki."

Na ce, "Na ji. Ko kallonka bai yi ba."

Ya ce, "Ai ba dole ba ne ya kalle ni." Ya tsaya yana saurare har ƙarar ta ɓace a bayan hawan. Sannan ya juya ya ɗora tafin hannunsa a kan injin da ke gabansa, ya daɗe bai ɗauke ba, kafin ya ciro makullin daga aljihu.